Sojojin roba, kuɗin gaske: sharhi kan wani shagon wasan yaƙi a Kano

A wani layi da ya ratse daga titin Gidan Zoo akwai wani ƙaramin shago wanda asalin sana'arsa ita ce sayar da na'urorin wasan bidiyo da faifansu, haɗe da ludo da katin whot da makamantansu. Amma duk wanda ya leƙa can ƙuryarsa ranar Asabar bayan la'asar zai tarar da abin da ido bai saba gani ba a Kano, wato wani faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa zane mai launin ƙasa, aka jera masa kangayen gidaje da duwatsu na kwali, ga samari biyu ko uku sun duƙufa a kansa da tef ɗin awo a hannu, suna tura waɗansu 'yan sojojin roba da tsawon kowannensu bai kai rabin yatsa ba. Wannan shago ne nake son yin sharhi a kansa bayan na shafe wata takwas ina hulɗa da shi, kuma maganar kuɗi ce za ta fi cin wuri, domin ita ce tambayar farko da kowane baƙo yake yi da zarar ya gama kallon teburin, kuma ita ce wadda ba a cika ba shi cikakkiyar amsarta ba.

Ga wanda bai taɓa cin karo da abin ba, wasa ne da mutum biyu suke yi, kowa da rundunarsa ta ƙananan mutum-mutumi. Akwai littafin dokoki da yake faɗin inci nawa kowane soja zai iya tafiya da nisan da makaminsa yake kaiwa, sannan a jefa dayis irin na ludo don a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Tushensa ba wasan yara ba ne, domin hafsoshin ƙasar Prussia, wadda yau take cikin tarihin Jamus, da irin wannan dabara suke koyon shirin yaƙi tun a 1824. A zamanin nan kuwa kamfanin da ya mamaye kasuwar shi ne Games Workshop na Ingila, wanda aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedikwatarsa da masana'antarsa suna birnin Nottingham. Wasansa mafi shahara shi ne Warhammer 40,000, wanda ya fara fitowa a 1987, kuma labarinsa na yaƙe-yaƙe ne tsakanin 'yan adam da wasu halittu a sararin samaniya a wani zamani mai nisa da aka ƙirƙira.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma ɗana mai shekara 13 ne ya ja ni wurin, bayan ya yi watanni yana kallon masu fentin waɗannan sojoji a YouTube. Abin da ya fara burge ni game da mai shagon shi ne bai yi hanzarin sayar mini da komai ba. Ya zaunar da mu, ya ara wa yaron sojoji biyar daga nasa, ya buga gajeren wasa da shi na kimanin minti 40, sannan ya juyo ya ce da ni, "Malam, gara in gaya maka tun yanzu, kuɗin da za ka gani a jikin kwali shi ne mafi sauƙi a cikin abin da za ka kashe." A lokacin na ɗauki maganar a matsayin salon 'yan kasuwa na share fage kafin su tsawwala farashi. Daga baya na gane cewa gaskiya tsagwaronta ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ita ce babban dalilin da ya sa har yau ban canza shago ba, duk da ƙorafe-ƙorafen da zan ambata.

Shagon ba ya ajiye kaya da yawa. Abin da yake kan kanta bai wuce kwalaye shida ko bakwai ba, da 'yan kwalaben fenti da buroshi. Sauran sai dai ka zaɓa a intanet, ka biya kaso mai tsoka a gaba, shi kuma ya yi maka oda ta hannun wani wakilinsa a Ingila. Wannan hidimar ita ce ainihin abin da yake sayarwa, kuma tana da amfani, domin duk wanda ya gwada sayayya daga waje da katin naira ya san yadda bankuna da dama suka taƙaita abin da za a iya kashewa zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya ma suka dakatar da shi baki ɗaya na tsawon lokaci. Ko yanzu da wasu bankunan suka sake buɗe ƙofar, sauran wahalar tana nan: kuɗin jirgi, da kwastan, da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, da neman wanda zai karɓo maka kayan idan sun sauka a Legas.

Mun fara da kwalin da kamfanin ya tanada don sababbin shiga, wanda ya fito a 2023 a kan fam 40. A cikinsa akwai sojoji 16, biyar daga rundunar da ake kira Space Marines, sauran kuma daga waɗansu halittu masu kama da ƙwari da ake kira Tyranids, sai 'yan kwalaben fenti ƙalilan, da buroshi ɗaya, da ɗan almakashin yanke roba, da dayis, da ɗan littafin koyo. A Ingila fam 40 kuɗi ne da ma'aikaci zai iya cirewa a ƙarshen mako ba tare da gidansa ya girgiza ba. A nan kuwa, lokacin da na yi odar, fam ɗaya yana kai da komo ne a wajen naira 2,000, wato kwalin tun yana can a kan kantar Turawa ya riga ya kai naira 80,000. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, na jihar Kano kuma 71,000. Kafin kwalin ya iso hannuna na biya naira 120,000, kuma mai shagon ya zauna ya rarrabe mini lissafin a takarda: ga kuɗin kaya, ga na nauyi a jirgi, ga na fito da shi, ga ribarsa. Ribar ba ta yi mini yawa ba idan na duba cewa kuɗinsa ne yake kwana a hanya, kuma canji yana iya juya masa baya kafin kayan su iso, kamar yadda ya faru da 'yan kasuwa da dama tun daga watan Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja.

Ƙorafina na farko shi ne alƙawarin lokaci. An ce mini mako uku, amma sai da muka yi bakwai muna jira, kuma a tsakanin nan ni ne nake kira, ba shi yake kirana ya sanar da ni halin da ake ciki ba. Da kwalin ya zo, gefe ɗaya ya lotse, murfin kwalba ɗaya ya ɗage a hanya, fentin ciki ya daskare ya zama kamar ƙanzo. Ya musanya mini da wata daga cikin nasa ba tare da gardama ba, wannan kam na yaba, amma mai yin irin wannan hidima ya kamata ya riƙa faɗin lokacin da ya san zai iya cikawa, musamman idan yaro ne yake ƙidaya kwanaki a gida.

Ingancin kayan kansu ba abin kushewa ba ne. Sojojin suna zuwa ne a warwatse, kai daban, hannu daban, makami daban, duk a maƙale a jikin wani firam na roba mai launin toka, sai ka bi lamba kana yankewa kana haɗawa. Na ɗaga ɗaya zuwa hasken taga na ga har ƙusoshin jikin sulkensa da zanen da yake kan kafaɗarsa sun fito raɗau, alhali dukkansa bai fi girman dabino ba. Na wannan kwalin ba sa buƙatar gam, dannawa kawai ake yi su shige, kuma wannan sauƙi ne babba ga mai farawa. Yaron ya haɗa biyar ɗin farko a yammaci ɗaya, sai dai ya yanke bakin bindigar ɗaya bisa kuskure, domin ya zaci reshen firam ne.

Daga nan ne maganar mai shagon ta fara tabbata. Kafin a shafa fenti ana buƙatar a fesa wa robar wani fentin share fage don na sama ya kama, kuma gwangwanin feshi ba ya hawa jirgi cikin kaya na yau da kullum saboda yana cikin abubuwa masu kama wuta. Haka ma gam ɗin roba na musamman da manyan kwalaye suke buƙata. Fentin da ya zo a kwalin yana isa a koyi riƙon buroshi, amma ba ya isa a yi aikin da yaron ya gani a bidiyo, kuma kowace ƙaramar kwalba ta Citadel, wato fentin kamfanin, mai mililita 12, tana kusantar fam 3, ga shi kuwa soja ɗaya yana iya cin launi takwas ko goma. A nan ne shagon ya nuna amfaninsa fiye da kasuwanci, domin maimakon ya lissafa mini abin da zan ƙara saya, sai ya koya mana dabarun gida. Ya tura ni kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo gwangwanin fentin share fage mai launin toka irin wanda masu fentin mota suke amfani da shi, ya gargaɗe ni in fesa daga nesa kuma sama-sama don kada ya cike zanen. Ya ce tef ɗin tela ya wadatar, tunda da inci ake awo a wasan kuma telolinmu da inci suke aiki. Reza ta maye gurbin wuƙar kankare roba, gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake sayarwa a kowane kanti kuma ya maye gurbin na Turai.

Yanayin Kano ma yana da nasa harajin. Fentin na ruwa ne, kuma a watan Afrilu kafin ka ɗauko shi daga faranti zuwa jikin soja ya fara bushewa a bakin buroshi. Maganin da ya nuna mana shi ne a samo murfin roba mai ɗan zurfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, a ɗora takardar gashin burodi a kai, a riƙa ɗiga fentin a kanta, danshin da yake tasowa daga ƙasa ya hana shi bushewa. A lokacin hunturu kuma matsalar ƙura ce. Wata rana mun fesa wa sojoji goma fenti a tsakar gida muka bar su su sha iska, da muka dawo sai muka tarar ƙurar buji ta lulluɓe su tun suna da danshi, jikinsu ya yi kaushi kamar an barbaɗa musu gari, sai da muka yi kwana biyu muna wanke su da tsohon buroshin haƙori. Tun daga ranar cikin kwali muke rufe su.

Duk wannan kuwa a bakin ƙofa ake. Sojoji 16 ba runduna ba ce, ɗanɗano ne kawai. Matakin da yake biye shi ne kwalin da ake kira Combat Patrol, wanda yake ba ka ƙaramar runduna da za ka iya karawa da wani mai irinta, kuma farashinsa yana wajen fam 100. Cikakken wasan da ake bugawa a gasa kuwa ana auna shi ne da maki 2,000 a kowane ɓangare, domin kowane irin soja yana da makin da aka yanka masa, a kan tebur mai inci 60 a tsawo da 44 a faɗi, yana cin kimanin awa uku, kuma tara rundunar da za ta cika waɗannan maki yana lashe ɗaruruwan fam tun kafin a yi maganar fenti. Ga kuma littafin kowace runduna daban, wanda yake haura fam 30. Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne dokokin ba sa zama wuri ɗaya: bugu na takwas ya fito a 2017, na tara a 2020, na goma a 2023, kuma kowane sabon bugu yana sa tsofaffin littattafai su koma kayan tarihi, wani lokaci ma a cire wasu sojojin daga jerin waɗanda ake yarda da su a gasa. Gaskiya ne cewa a bugu na goma kamfanin ya saki ainihin dokokin kyauta a intanet, kuma wannan sassauci ne da ya kamata a ambata, amma wanda ya tara runduna da albashin Kano ba zai ji daɗin jin cewa littafin da ya saya yana da wa'adi ba.

Na tambayi mai shagon abin da ya sa roba take tsada haka, tunda a Kano muna ganin bokiti da kujerun roba da masana'antun Sharaɗa da Bompai suke fitarwa a farashi mai sauƙi. Amsarsa ta gamsar da ni rabi. Ya ce ba robar ake saya ba, ƙarfen da ake ɗura narkakkiyar robar a cikinsa shi ne mai tsada, domin sassaƙa shi da irin wannan ƙananan zane aiki ne na injina masu tsada da ƙwararrun ma'aikata, kuma kamfanin a Ingila yake yin mafi yawan aikinsa, inda ladan ma'aikaci ba kaɗan ba ne. Wannan haka yake. Sauran rabin kuwa ni na cike wa kaina: kamfanin da ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a watan Disambar 2024, ya kuma ƙulla yarjejeniyar shirya finafinai da Amazon, ba da kuɗin ƙarfe kaɗai yake yanke farashi ba. Yana sayar da suna da labarin da babu wanda yake da ikon sayar da su sai shi, kuma ya san masu sha'awarsa a Turai da Amurka za su biya. Ba da aljihun Bakano aka yi lissafin ba, kuma ban ga alamar za a yi da shi nan kusa ba.

Akwai kuma wani shinge da babu shi a lissafin Bature, wanda kuma a ganina ya fi na kuɗi tsayi a gidaje da yawa na garin nan. Ranar da mahaifiyata ta kawo mana ziyara ta tarar da sojojin a jere a kan tebur, ta ɗauki ɗaya daga cikin masu kama da ƙwarin nan ta juya shi, ta ajiye, ta dube ni ta ce, "Yanzu kai da girmanka da iliminka, gumaka ka koma tarawa a ɗaki?" Na ce, "Hajiya, kayan wasan jikanki ne," amma na san amsar ba ta wadatar ba. Wannan gari ne da hukumar Hisba ta hana teloli da masu shagunan tufafi amfani da mutum-mutumin tallar kaya a 2021, kuma maganar surori masu jiki magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, wasu suna kafa hujja da hadisan hani, wasu suna sassautawa a kan kayan wasan yara saboda abin da aka ruwaito game da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Dayis ma yana da tasa maganar a wurin malamai, ko da yake ludo ya cika gidajenmu. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kuma ina ganin wajibi ne kowane uba ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya kashe ko sisi. Abin da zan ƙara shi ne labarin Warhammer kansa yana ɗauke da rundunonin aljanu da wani sarki da mabiyansa suke bauta wa, kuma mai shagon, wanda ya san garin da yake zaune, ba ya yin odar rundunonin aljanun sam, ba ya kuma barin kowa ya sa kuɗi a kan wasa a teburinsa. Ya gaya mini cewa ya taɓa korar wasu samari biyu da suka so mayar da abin caca, kuma na ji daɗin hakan.

Wannan magana ta Hajiya ce ta karkatar da ni zuwa ɓangaren da nake ganin shi ne mafi dacewa da mu, wanda kuma shagon bai tallata shi yadda ya kamata ba. Ba Games Workshop ne kaɗai yake yin waɗannan kaya ba. A birnin Nottingham ɗin ma akwai wasu tagwaye, Alan da Michael Perry, waɗanda suka yi shekaru masu yawa suna yi wa wancan kamfani sassaƙa, kuma suna da nasu kamfanin mai suna Perry Miniatures, wanda ya karkata ga yaƙe-yaƙen tarihi. Daga cikin kayansu akwai kwalin Ansar, wato mayaƙan Mahadin Sudan na tsakanin 1881 da 1885, sojoji 40 a kan fam 20 da 'yan kai. Idan aka raba kuɗin a kan kowane soja, za a ga bambancin da yake tsakaninsa da na farko ba ƙarami ba ne. Sassaƙar ba ta da yawan ƙyale-ƙyale, mutane ne da masu da takubba da garkuwa, kuma fentinsu ya fi sauƙi, domin fari da ruwan ƙasa da 'yan launukan facin jibba sun wadatar. Dokoki kuma akwai na kyauta, irin waɗanda wasu masu tsara wasa da ake kira One Page Rules suke sakawa a intanet don wasannin ƙirƙira, akwai kuma ƙananan littattafai masu araha na yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 waɗanda ba su damu da kamfanin da ya ƙera sojanka ba.

Da na buɗe wannan kwali na biyu sai malamin tarihin da yake cikina ya farka. Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce a tarihinmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a daga ƙasar Adamawa, kuma bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har suka zauna a bakin kogin Nilu, inda garin da yake ɗauke da sunansa yake har yau. Mai shagon ya riga ni wannan tunani ta wata fuskar, domin ya gina wani yanki na ganuwa da ƙofa daga farar kumfar nan da ake naɗo talabijin da ita, ya shafe ta da farin gam na kafintoci gauraye da jar ƙasa da ya tankaɗe, har ta yi kama da badala bayan ruwan farko. Ya ce kuskurensa na farko shi ne fesa mata fentin gwangwani kai tsaye, nan take ta narke a gabansa. A kan wannan ganuwar muka gwada buga abin da ya faru a ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da dakarun Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo Kano alhali Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Mayaƙan Sudan ne suka tsaya a madadin na Kano, kuma a duk kwalayen da na gani a shagon da waɗanda muka duba tare babu mahayi mai lifidi da kwalkwali irin na hawan Sallah, sai dai mutum ya gyara wani da hannunsa. Duk da haka yaron ya yi mini tambayoyi a kan bindiga mai ruwa da yaƙin Kwatarkwashi da mutuwar Waziri Ahmadu fiye da waɗanda ɗalibaina suke yi a zango guda.

Game da injin ɗab'i mai fitar da siffa, wato 3D printer da ake buga sojojin da shi a gida, wanda ake ta yayatawa a matsayin mafitar talaka, shagon yana da ƙarami guda ɗaya, kuma ba zan ba kowa shawarar ya dogara da shi ba tukuna. Ruwan da yake amfani da shi daga waje ake kawowa, yana da wari, yana buƙatar safar hannu da sinadarin wankewa, kuma faranti ɗaya yana cin awoyi, idan aka ɗauke wuta a tsakiya aikin ya lalace. Mai shagon yana haɗa shi da batirin sola, amma a cikin sojoji goma da ya buga mini uku sun fito da guntun hannu, sauran kuma suna da saurin karyewa idan suka faɗi, ba kamar na roba ba. Bai karɓi kuɗin ukun ba.

Shinge na ƙarshe shi ne abokin karawa. Dara ana yin ta ne a ƙarƙashin kowace bishiya, da tsinke da duwatsu da ramuka a ƙasa, kuma ba ka rasa wanda ya iya. Wannan wasa kuwa ko ka mallaki rundunar naira miliyan ɗaya, idan babu wani mai tasa rundunar kuma ya san dokoki, ado kawai ka saya. Masu zuwa teburin shagon a kai a kai ba su wuce mutum bakwai ko takwas ba, yawancinsu ɗaliban jami'a ne da matasan ma'aikata, kuma ban taɓa tarar da mace a cikinsu ba, abin da ba zai ba kowa mamaki ba idan ya ga ƙuncin wurin. Tebur ɗaya ne, saboda haka idan wasu suka fara dogon wasa sauran sai kallo har magariba. Fanka ɗaya ce, kujeru huɗu, babu wurin alwala sai an fita masallacin layin. Ina ganin da zai tsara lokaci, ya ware awa biyu na farko don gajerun wasanni da sababbin shiga, da ya rage yawan waɗanda suke leƙowa sau ɗaya ba su sake dawowa ba.

Amma a wannan teburin ne shagon yake yin abin da ya fi komai daraja a hidimarsa, wato aron runduna. Da naira 1,500 mutum zai zauna, a ba shi sojojin da aka riga aka yi wa fenti, a koya masa, ya buga wasa cikakke ba tare da ya mallaki ko ɗaya ba. Wanda ya tambaye ni shawara, abin da nake gaya masa shi ne ya yi Asabar huɗu yana wannan aron kafin ya yi odar komai, idan kuma sha'awar ta ɗore, ya nemi aboki su haɗa kuɗi su sayi kwali ɗaya na tarihi su raba ashirin-ashirin, ko kuma su nufi ƙananan wasanni irin Kill Team, inda kowane ɓangare sojoji kimanin goma yake buƙata a kan allon da bai wuce inci 30 da 22 ba. Wanda yake da hali kuma ransa yana kan Warhammer babba, shagon zai kawo masa kayansa lafiya a farashin da babu zalunci a cikinsa, in dai ya ninka kwanakin da aka yi masa alƙawari sau biyu a zuciyarsa.

A cikin wata takwas, idan na haɗa kwalaye biyu da fenti da buroshi da kuɗin tebur, na kashe abin da ya haura naira 250,000, kuma cikin sojoji 56 da muka saya na roba, 23 ne kaɗai suka sami fenti. Sauran suna cikin wani gwangwanin madara a saman durowa, nesa da idon Hajiya, kuma na gaya wa yaron cewa babu maganar kwali na uku sai ranar da gwangwanin ya zama fanko. Ya ce, "Abba, ai na Sudan ɗin naka ne, kai za ka yi musu." Mun yi yarjejeniya a kan biyar-biyar kowane mako, bayan sallar isha'i, idan akwai wuta.